Bikon da Na Jira a Guci

Ni dai mai baki ce tun ina yarinya. Mijina na fari kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ya wuni bai ce uffan ba. Shekara shida muka yi a ƙauyensu, tafiyar wuni guda daga garinmu Guci, 'yan shekaru kafin Nasara su iso Damagaram. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma in na tashi faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Wallahi gara a ce ya rama. Kamar da turmi nake magana.

Wata rana da kaka na yi masa magana har sau uku a kan dangar da awaki suka fasa. Ya ce, "To." Wannan to ɗin ce ta ƙona mini rai. Na zuba zannuwana a ƙwarya, na kama hanyar gidanmu a Guci. Yaji na yi.

Kowa ya san yadda ake yi. Mace ta tafi gida, bayan kwana biyu ko uku miji ya biyo ta da wani dattijo da ɗan goro, a ba ta haƙuri, ta ɗan ja rai, ta koma ɗakinta. Ni ba rabuwa nake so ba. So nake ya buɗe baki sau ɗaya ya ce in dawo.

Kwana bakwai shiru. Wata guda shiru. Inna ta ce, "Ke, mutumin nan nauyin baki gare shi, ki koma." Na ce, "Haba Inna, in koma da ƙafata? Mata su samu na yi a bakin rijiya?"

Sai na tashi kawuna. Na ce, "Kawu, ka gaya masa ko ya zo biko, ko ya sawwaƙe mini." Don in tsorata shi na faɗa.

Bayan kwana biyu da la'asar kawu ya dawo, ya tarar ina surfe. Ya ce, "'Yar nan, na isar da saƙonki. Ya ce ya san zama da shi da wuya, ya zaci hutawa kike yi. Tun da har kin ambaci rabuwa, ba zai tsare ki ba. Ya sake ki, saki ɗaya, gaban limaminsu."

"Bai ce komai ba kuma?"

"Ya tambaya ko kina cin abinci."

Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba ma. Inna ta zuba mini ido tana jiran sababi, ni ma ina jiransa, bai zo ba. Na gama surfen, na wanke, na shanya.

Kawu ya ce kafin idda ta cika, kalma ɗaya mijin nawa zai furta ya mai da ni, kuma in ina so shi kawu zai koma ya yi masa magana. Na ce a bari, ai ya san hanyar Guci. Wata uku na yi ina share tsakar gida kowace safiya. Shi bai zo ba, ni ban aika ba.