Jan Sa a Naɗe, Daga Garwa Zuwa Kolofata

Litinin: Garwa zuwa Figil

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, muna idar da salla, muka fito daga gida ni da Baba, da jakar kaya ɗaya, da wani dogon naɗi da na ɗaure da igiya kamar tabarma. Matata Hadiza ta rako mu bakin zaure tana jaddada mini in riƙe wa Baba hannu wajen hawa mota. Ashe ya ji. "Ke Hadiza, idona ne ya yi yana, ba ƙafata ba," in ji shi. Ya fizge hannunsa ya yi gaba, saura kaɗan ya rungumi babur ɗin maƙwabcinmu.

Baba mahauci ne, ubansa mahauci, kakansa ma haka. Ya fi shekara arba'in yana sayen shanu a kara, kasuwar dabbobi, yana yankawa a kwatar Garwa. Ni ne autansa, ni kaɗai ne namiji, kuma ni ne na ajiye wuƙa na ɗauki buroshi. Zane nake yi: allunan shaguna, bayan manyan motoci, da hotuna a kan yadi in Allah Ya kawo mai saye. Da shi nake ciyar da iyalina. Baba bai taɓa zagina a kan haka ba. Da ma ya zage ni ɗin! Duk zanen da na kai masa, sai ya ɗan ɗaga kai ya ce, "Madalla, ya yi kyau," ya ci gaba da jan carbinsa.

Wanda bai tashi a gidan mahauta ba, zai ce yabo ne. Ni kuwa na san kara. Mahauci ba ya yabon san da yake so. In ka ji Baba ya ce, "Kai, wannan ya ƙoshi, Allah Ya kawo kasuwa," to wucewa zai yi. Wanda ya shiga ransa kuwa zagaya shi zai yi, ya latsa tozo, ya taɓa haƙarƙari, ya yi ta kushe shi har mai shi ya ji kamar ya yi kuka, sannan ya daki kuturinsa da tafin hannu ya ce, "Na saya." Shekara goma sha biyu ke nan ina karɓar "ya yi kyau", kuma kowace sai ta yi mini ciwo.

Tafiyar ta abu biyu ce. Zan kai Baba Kolofata a cire masa yanar ido, in kuma biya Marwa in miƙa wa wata mai otal zanen da ta gani a wayata ta ce tana so. Abin da ke cikin naɗin ke nan: wani jan sa mai dogayen ƙahoni da Baba ya saya ina ɗan shekara goma, ya kasa yanka shi, ya ɗaure shi a gida wata uku yana ba shi dusa da hannunsa.

A tasha muka yanki tikiti, jaka ɗaya da rabi, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar, kowannenmu zuwa Figil. Direba ya ce a ɗora naɗin a saman mota tare da buhunan albasa, na ce ko da wasa.

"Mene ne a ciki haka?"

"Sa ne," na ce.

"To, in ya yi kashi kai za ka wanke mini mota," in ji shi. Na rungume abina a tsakanin gwiwoyi. Ƙarfe shida da minti goma muka tashi.

Bayan mun wuce Pitowa jandarmomi suka tsayar da mu. Aka duba katin shaida, ɗaya ya ce in kwance naɗin. Na warware masa har kan san ya fito. Ya tsaya yana kallo, ya kira abokinsa, suka yi mini 'yan tambayoyi da Faransanci, suka sallame mu. Baba ya ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce ya yi kyau. "To, ai na sha gaya maka," in ji Baba. Na juya fuskata wajen taga na kalli gonakin auduga.

Kilomita casa'in da 'yan kai ne, amma sai takwas da ashirin muka shiga Figil. Tun daga nesa ake hango hasumiyar kamfanin siminti. Mun sauka gidan yayata Asabe, wadda mijinta Malam Sale ke fasa farin dutse a mahaƙa. Da ya dawo da la'asar, har gashin girarsa ya yi fari fat. Shekara goma sha biyar yana fasa dutsen da ake gina benaye da shi, ɗakinsa kuwa na laka ne, an tokare bangon gabas da itace. Na yi masa maganar, ya yi dariya ya ce ya tara bulo ɗari da arba'in a bayan gida, baɗi in Allah Ya so zai tayar da ɗaki guda. Ya kai ni ya nuna mini su, ya lulluɓe su da leda.

Yaya Asabe ta yi mana tuwon jar dawa da miyar yakuwa da busasshen kifi. Da Baba ya kishingiɗa, ta ja ni madafa ta ce in buɗe mata. Tana gani ta dafe ƙirji. "Wayyo, san Baba! Auta, kada ka kuskura ka ba matar nan kafin ya gani."

"Ya gani ya ce ya yi kyau?"

"Kai dai sakarai ne tun kana ƙarami. Baba ya fi shekara bakwai yana sayen shanu da laluben hannu, yana ɓoye wa mutane cewa ba ya gani sosai. Ka tabbata ya taɓa ganin aikinka sosai tun da hannunka ya faɗa?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Talata: Figil, Marwa, Mora, Kolofata

Ƙarfe bakwai muka sami mota. Hanya ta ratsa tsakanin duwatsu, ga manoma a fadamu suna dashen dawar rani. Kilomita ɗari da goma sha biyar, shinge biyu, muka shiga inuwar dalbejiyoyin Marwa ƙarfe goma saura kwata. Muka hau babura biyu zuwa otal ɗin.

A nan raina ya ɓaci. Na gai da mai gadi da Faransanci, ya buɗe mini ƙofa har da sarawa. Da ya ga Baba a bayana da sanda da tsohuwar riga, sai ya sa hannu ya tare shi. "Tsoho, ba a roƙo a nan." Kai, jama'a! Na ajiye naɗin na fara ɗaga murya. Baba ya laluba ya kama gefen rigata. "Hamisu, bar shi. Naman da ake ci a ciki irinmu ne ke yanka shi, amma ta ƙofar baya muke shigo da shi. Bai saba ganinmu ta nan ba ne."

Hayaniyar ce ta fito da Madam mai otal. Ta ba Baba haƙuri har da durƙusawa, ta sa aka kawo masa kujera da shayi. Mai gadin ma ya zo ya ce a yafe masa, abin da aka umarce shi ke nan. Na dube shi da kyau, na ga takalminsa ya fi nawa yagewa, sai fushina ya sauka. Na ja Madam gefe na roƙe ta ta ɗaga mini ƙafa zuwa Juma'a, ina so mahaifina ya ga zanen in an buɗe masa ido. Ta ce, "Bangon ba zai gudu ba. Allah Ya ba shi lafiya."

Daga Marwa zuwa Mora kilomita sittin ne, mun ci su a awa ɗaya da rabi. A tashar Mora na sayo tsire. Baba ya tauna yanka ɗaya ya ce tsohuwar saniya ce, kuma an yanka ta da gajiya a jikinta. Mai tsiren ya ji, ya ce da Fulatanci, "Wannan tsohon namu ne," ya ƙaro mana tsinke biyu. Sauran kilomita ashirin da ɗoriya zuwa Kolofata a wata ƙaramar mota muka yi su, mu bakwai, naɗina ya leƙo ta taga. Sojoji suka sauke mu sau biyu, aka duba kaya, muka wuce lafiya.

Ƙarfe huɗu muka sauka gidan Malam Bukar, wani mahauci Babarbare da suka yi fataucin shanu tare da Baba tun ban san kaina ba. Mahauci ba ya kwana a masauki a garin da akwai mahauci. Suka rungumi juna, suka shiga zagin juna a kan wata saniya da suka yi jayayya a kanta shekara talatin da suka wuce.

Laraba da Alhamis: Kolofata

Ƙarfe shida da rabi muna bakin asibiti, amma mun tarar da layi. Ga Kanuri, ga Larabawan Shuwa, ga mutanen duwatsu, ga waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya, kowane tsoho da wanda ya jawo shi. A kan benci ɗaya na ga wani Alhaji mai babbar shadda da wata tsohuwa mai sayar da itace, kowa da lambarsa a hannu, kuma ita aka fara kira. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Aka duba Baba, aka ce za a yi idon dama yanzu, na hagu sai bayan wata uku. Ƙarfe ɗaya aka fito da shi da bandeji, yana faɗan wai ba a bar shi ya ga irin wuƙar da suka yi aikin da ita ba.

Alhamis da safe, ƙarfe takwas, ma'aikaciyar jinya ta cire bandejin. Baba ya ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya dube ni ya daɗe.

"Hamisu, yaushe ka yi furfura?"

Na ce ta yi shekara huɗu. Ya sa hannu ya shafa gefen kaina, abin da rabonsa da yi tun ina makarantar allo.

Da muka koma gidan Malam Bukar, na ɗaura igiya tsakanin dalbejiya da ginshiƙin rumfa, na rataye zanen a inuwa saboda an ce kada ya kalli rana. Na riga na shirya a raina, in ya ce "ya yi kyau", zan naɗe abina in kai wa Madam, ba zan ƙara nuna masa komai ba har abada.

Baba ya taso a hankali. Ya tsaya nesa, ya matso, ya koma gefe, har ya leƙa bayan yadin. Ya goya hannu a baya. Can sai ya yi tsaki.

"Wa ya ce maka tozonsa dama ya kwanta? Hagu ya kwanta."

Ya ƙara matsowa, ya nuna da yatsa.

"Dubi ƙahon nan. Siririn banza! Nasa kaurinsa ya kai damtsena. Kuma wannan haƙarƙarin na san da ya sha wuyar rani ne. Ni da nake ba shi dusa da kanwa safe da yamma? Bukar, zo ka ga ƙafar baya don Allah. Wannan zai kai Garwa da ƙafarsa?"

Malam Bukar ya taso yana danne dariya. "Ko Mora ba zai kai ba."

"Ga leɓe ya yi gajere. Ga kunne kamar na jaki. Ido kuwa..." Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon idon san. Muryarsa ta sauka. "Idon dai nasa ne."

Ya ƙara zagayawa sau ɗaya, ya ɗaga tafin hannu ya daki kuturin san, har igiyar ta girgiza.

"Na saya."

Ni ba mai saurin kuka ba ne, Hadiza shaida ce. Amma ranar na tsuguna a gindin dalbejiyar nan, da furfurata da komai, na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, alhali daɗi ne ya cika mini ciki. Baba ya ce, "Tashi, kai. Wane irin dillali ne ke kuka an saya masa kaya?"

Da azahar na kira Madam, na ce ta yi haƙuri, an riga ta, amma zan zana mata wani cikin mako uku. Ta tambayi wanda ya saya, na gaya mata. Ta yi dariya ta ce wannan ba ta isa ta yi takara da shi ba.

Juma'a: komawa gida

Ƙarfe shida muka bar Kolofata, Malam Bukar ya haɗa mu da ƙunshin kilishi. Mora bakwai, Marwa tara saura, muka sami motar Garwa ta ƙarfe goma. Baba ya ƙwace kujerar taga, sanye da baƙin tabaran da aka ba shi a asibiti, ya kuma karɓe naɗin ya riƙe da kansa. Duk garken da muka wuce sai ya kushe shi. A Figil Yaya Asabe na jira a bakin hanya da kwanon fura. Ta dubi Baba, ta dubi abin da ke hannunsa, ta harare ni ta ce, "Sakarai." Na ce na karɓa. Muka yi salla a nan muka wuce. A wani shinge jandarma ya tambayi Baba abin da ke cikin naɗin, ya ce, "Aikin ɗana ne." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Ƙarfe uku da rabi muka shiga Garwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Yaya Asabe da Malam Sale, Allah Ya tayar musu da ɗakin nan. Da Malam Bukar da iyalinsa. Da Madam da ta yi haƙuri. Da ma'aikatan da suka buɗe wa Baba ido. Zanen yana rataye a zaurenmu, duk baƙon da ya shigo sai Baba ya tsayar da shi ya lissafa masa aibobinsa ɗaya bayan ɗaya. Jiya ma da safe ya aika aka kira ni daga shago, wai ya sake dubawa, wutsiyar ta yi gajarta. Alhamdu lillahi.