Ambulan na Ƙarshe daga Jirgin Tolliver

Orval Petrasek bai taɓa taka jirgin ruwa ba, amma duk garin Toledo babu wanda ya kai shi sanin Tolliver, wani jirgin yaƙi na sojan ruwan Amurka da ke zaune a tashar Norfolk. Yana ɗan shekara goma sha tara ya je shiga soja, likita ya raɗa masa magana a kunnen hagu, bai ji ba, aka sallame shi. Ya dawo gida ya kama tuƙin bas ɗin makaranta, ya yi shekara talatin da huɗu yana jigilar 'ya'yan mutane. Abin ya tsaya masa a rai har tsufa, ko da yake ko matarsa Lorraine bai taɓa faɗa wa ba. Ita kuwa ta sani sarai.

Sai ya huce haushinsa a kan tara ambulan masu hatimin jiragen ruwa. Masu wannan harka ga yadda suke yi: ka rubuta adireshinka, ka manna kan sarki, ka sa ɗan farin kwali a ciki don kada ya lanƙwashe, ka bar bakin a buɗe, ka sa shi cikin wani ambulan, ka aika wa akawun gidan wayar da ke cikin jirgin. Shi kuma ya buga hatimin jirgi mai kwanan wata, ya liƙe bakin, ya dawo maka da abinka. Daga nan ba a buɗewa. Wanda ya yage baki ya kashe ambulan, kowa ya san wannan. Me ma za ka gani a ciki ban da kwalin da kai ka saka?

Shekara ashirin da biyu Orval yana haka da Tolliver, har ya cika akwatin takalmi biyu. A 1993 aka sauke tutar Tolliver, aka yi wa jirgin ritaya. Ran Talata da safe ambulan na ranar ƙarshe ya iso, hatimi ya fito raɗau, ko ɗigon tawada bai zame ba. Sai dai akwai wani ɗan tudu a kusurwa. Ya girgiza, ya ji abu yana motsi.

Nan kansa ya kulle. Ya ɗaga wa hasken taga, kwali ya tare komai. Ya shinshina. Ya kai kunnen hagu, ya tuna, ya mayar na dama.

"Shekara ashirin da biyu kana aika wa kanka wasiƙa babu ko gaisuwa a ciki," in ji Lorraine tana zuba masa kofi. "Yau an samu mai tausayi ya sako maka wani abu, ka tsaya kana jujjuya shi kamar mai gasa masara. Buɗe mana!"

"Ba a buɗewa, Lorraine."

"To wa ya sa abu a ciki?"

"Ai shi ne ban gane ba."

Ya buga wa Gus Wendling waya, abokinsa a ƙungiyar masu tara ambulan.

"Orv, ka haukace ne?" Gus ya daka masa tsawa. "Na ranar ƙarshe fa! Hatimin nan ba za a sake buga shi ba har abada. Ko haƙorin kyaftin ne a ciki, bar shi ya ruɓe a can."

"To in kuskure ne fa? In kayan wani ne ya faɗa?"

"Sai mai kayan ya yi haƙuri."

Kwana uku ambulan yana kan teburin cin abinci, jingine da kwalbar gishiri. Orval ya zauna ya tashi, ya tashi ya zauna. Bai san ko murna zai yi ba, ko ƙara zai kai. A rana ta huɗu Lorraine ta ajiye wuƙar shafa bota a gabansa. Ya ɗauka ya tsaga gefen ambulan, zuciyarsa ta yi zafi kamar jikinsa ya yanka.

Maɓallin tagulla ne na rigar soja. Kwalin kuma, nasa na kansa, cike yake da rubutu:

"Mista Petrasek, ni ne akawu na tara da ya gaji sunanka. Kowa in zai tafi sai ya ce wa na bayansa, ka kula da mutumin Toledo. Duk shekara muna rubuta maka gayyata a kwalin nan, ba ka taɓa amsawa ba. Wasu sun ce fushi kake, wasu sun ce kana jin kunya. Yanzu dai jirgi ya ƙare. Ga wannan ka riƙe."

Orval ya karanta sau uku. "Wace gayyata? Ni ban ga wata gayyata ba. Me ya sa ba su rubuta a waje ba?"

"Da ka ce sun ɓata maka ambulan," in ji Lorraine. Wannan karon babu tsiya a muryarta.

Ya je ya ɗauko akwatin farko, ya zaro ɗaya na 1974, wanda ya taɓa cin kyauta da shi a baje kolin ƙungiya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zura wuƙa.

"Mista Petrasek, ran Asabar takwas ga Yuni za mu fita teku da iyalanmu, zagayen yini guda. Kyaftin ya ce a ajiye maka wuri. Ka zo."

"Takwas ga Yuni," ya faɗa a hankali. "Lorraine, me nake yi ran nan?"

"Abin da kake yi kowace Asabar," ta ce. "Kana zaune a baranda kana jiran mai kawo wasiƙa."