Randar Kaka a Ajin Ingilishi

"Ke, ba mu misali," in ji mushe, malaminmu na Ingilishi nan Maradi. Jiya ne, muna koyon kalmomin da ake kiran tsohon yayi da su. Na miƙe na ce kakata "ol fashin" ce, ko an kawo mata ruwan leda mai ƙanƙara ba ta sha, sai na randa. Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Ina zama na tuna jiyan ta cika shekara da rasuwa. Wallahi kasa ɗaga kai na yi.

Zuwana na ƙarshe wurinta a ƙauyen Gangara, tun da safe ta turara randar nan da kajiji saboda ta ji labarin ina tafe. Na sauka maƙoshi a bushe, ta miƙo min moɗa. Ruwan sanyi ƙalau, yana ƙamshin hayaƙi da ƙasa.

"Sha a hankali, 'yar birni, ba mai ƙwace miki."

Allah ya shayar da ke Alkausara, Kaka, ni kuma ya yafe min.

Gobe akwai aji. Jama'a, in miƙe in gaya musu ko wace ce ita, ko in yi shiru?