Ranar da hoton ya daina tsinkewa

Ban taɓa zama gwanin wasan ƙwallo na kwamfuta ba, kuma masu kallona sun san haka. Duk Juma'a bayan La'asar nakan rufe rumfata ta gyaran waya a kasuwar Dogon Dutsi, in koma gida, in kunna wata tsohuwar kwamfuta da na samu a hannun wani ma'aikacin gwamnati da aka canza wa wurin aiki. In buɗe wasan, in buɗe manhajar da ke watsa shi kai tsaye, mutane ƙalilan su taru suna yi mini dariya a rubuce. Rabinsu abokan kasuwa ne, sauran ban san inda suka fito ba.

A ƙasan allon manhajar akwai wani ɗan akwati da bai fi ƙwayar wake ba. In ya yi kore, komai lafiya. In ya yi ja, hotuna na zubewa a hanya. Abin da ido ke gani kamar motsi, hotuna ne tsayayyu masu yawa ke bin juna da sauri, to idan kwamfuta ta gaji ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni sai wasu su zube, mai kallo ya ga ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya sandare, kafin ya sauke ta har an ci ƙwallo. Nawa akwatin ja ya fi so. Da farko ko a jikina, don wasan nawa ma bai cancanci a gan shi sarai ba.

Yayana ne ya canza wannan. Shi ne ɗan farin Inna. Wata damina suka samu saɓani da Baba a kan noman gonarmu ta Ɗan Kassari, Baba ya mare shi a gaban mutane, shi kuma ya rantse ba zai ƙara magana da kowa a gidan ba. Ya bi motocin masu haƙar zinariya zuwa can arewa, ya canza lamba. Damina biyu ta wuce ba mu ji ko tarinsa ba.

Ran nan ina cikin wasa, na zubar da fenariti, sai wani mai kallo da ban san sunansa ba ya rubuta: “Har yau ba ka iya ba, kan tulu.” Na daina danna komai. Duk duniya mutum ɗaya ke kirana haka, tun ina rarrafe. Ban amsa ba. Na ji tsoron in na kira shi Yaya, zai tuna rantsuwarsa ya gudu, don haka na yi dariya kawai kamar yadda nake yi wa kowa. Daga ranar, kowace Juma'a sai ya shigo, ya zage ni sau ɗaya ko biyu, ya fita. Wani lokaci ya rubuta: “Hotonka shina tsinkewa, na tahi.” Daga baya wani da ya dawo daga can wurin zinariyar ya ba ni labarin cewa sai mutum ya hau tudu yake samun rezo, shi ma ɗan kaɗan.

Na faɗa wa Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba, “To” kawai ta ce. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, kuma Inna ta riƙe wannan da ƙarfi fiye da duk matan unguwarmu. Amma Juma'ar da ta biyo baya sai ga ta da faifan wake, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina tana tsinta, wai nan ne inuwa ta fi. Da na kashe kwamfuta ta ce, “Abin ga naka ya yi aiki yau?”

“Ya yi, Inna. Lahiya lau.”

Ta tattara wakenta ta tashi. Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ba ta iya karatu ba, amma daga inda take zaune tana hango allon, har ta san akwatin nan da launinsa. In ya yi ja nakan ji ta daina tsinta.

Sai ga wata Juma'a cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, akwatin ya yi ja tun daga farko bai sauka ba. Yaya bai shigo ba. Na ce wa Inna rezo ne ya ƙi, kuma ni ma na yarda da hakan. Juma'a ta biyu ma haka. A tsakanin nan wani ɗan garin Kore Mairuwa ya kawo mini waya gyara, yana hira da maƙwabcin rumfata cewa an ce wani rami ya rufta da mutane a wurin zinariya, ba a san ko su wa ba ne. Na ajiye sukudireba na kasa kunne. Ban tambaye shi komai ba, don ina tsoron amsar. Da na koma gida na karya dokar da na sa wa kaina ta ƙin yi masa magana, na aika wa sunan nan saƙo a keɓe, na ce, “Yaya, ni ne.” Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba.

Tsoro ya shige ni sosai. Abinci ya daina yi mini daɗi, ko waya ta yi ƙara sai in zabura in duba. Abu ɗaya na riƙe: ai ya sha faɗa cewa in hoto na tsinkewa tafiya yake yi. Wataƙila yana hawa tudun, ya buɗe, ya ga hoto a sandare, ya yi tsaki ya sauka kafin ya rubuta komai. Idan haka ne, laifin kwamfutata ne, kuma gyara sana'ata ce.

Na shiga gyara kamar wanda aka sa wa wa'adi. Na kwance bayan kwamfutar, na tarar fankarta ta cushe da datti har ta yi kamar auduga, na share da buroshin haƙori. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na jiƙa buhu na rataya a taga. Na rufe duk wata manhaja da ke cin ƙarfinta a ɓoye. Na gwada, akwatin ya yi kore na ɗan lokaci, ya koma ja. Na ji kamar in ɗauke ta in maka da bango.

Akwai wani abokina da ke aiki da kwamfutoci a wani ofishi, na je na same shi lokacin hutun rana. Ya duba saitina ya kwashe da dariya.

“Kai ma dai, mon frère, ɗan'uwana. Kaya ka ɗora ma jaki na raƙumi. Hoto sittin cikin daƙiƙa guda, da wanga rezo namu? Maishe shi talatin. Rage girman hoton, rage nauyin abin da kake turawa. Kuma bar wifi, haɗa wayar da kebul.”

Na yi duk abin da ya ce. Na ƙara da nawa: na cire kamarar da ke nuna fuskata, don ita ma tana cin ƙarfi, na samo dogon kebul na ɗaure wayar a reshen dogon yaron da ke tsakar gida, inda rezo ya fi cika. Baba ya wuce ya ga waya tana lilo a bishiya, ya dube ni, ya shige ɗakinsa. Har yau ban sani ba ko ya san abin da ake ciki.

Juma'a ta uku na dawo daga masallaci ban ko koma kasuwa ba. Bayan La'asar na kunna. Inna ta zo da faifanta. Akwatin ya yi kore, ya zauna a kore. Minti goma, minti ashirin, ko ƙiftawa bai yi ba. Abokan kasuwa suka fara rubuto yabo, wani ya ce yau kam ana ganin rashin iyawata tas. Ni kuwa ba wasan nake kallo ba, jerin sunayen masu shigowa nake bi da ido. Na zubar da fenariti da gangan. Na sake zubar da wani. Kowa ya zage ni, ban da wanda nake jira.

Wajen awa guda da rabi ina nan, sai na gane abin da na yi wa kaina. Duk makonnin nan ina da abin da zan ɗora wa laifi, yanzu na gyara shi da hannuna. Gumi ya jiƙa mini riga, ƴan wasana suna ta gudu a fili sumul, babu mai jan su.

Inuwa ta rufe ƙofa. Inna ce ta taso, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shigo har cikin ɗakin ta tsaya a bayana. Ta daɗe tana kallon ƙasan allon.

“Mi ya hana shi ja yau?”

“Na gyara shi, Inna.”

“Duka?”

“Duka. Ko'ina mutum yake, in ya buɗe zai gani.”

Na so in haɗiye maganar, amma ta riga ta fita. Ta dafa bayan kujerata. A tsakar gida akuya na jan faifan waken da ta bari, ba ta ko waiwaya ba.

“Maishe shi yadda yake,” ta ce a hankali.

Ban yi mata gardama ba. Na shiga saiti na mayar da hoto talatin ɗin nan sittin, na ƙara girman hoton har ƙarshe. Ba a jima ba akwatin ya yi ja, ɗan wasana ya sandare a tsakiyar fili, masu kallo suka fara ƙorafi. Inna ta saki kujerar.

“Ka gani,” ta ce. “Rezo ne.”

Na ce, “Rezo ne, Inna.”