Balaraba, Wadda Ta Ƙi Turara Iri

Duk wanda ya san bayan kasuwar Shinkafi ya san hayaƙin Balaraba. Tana sallame sallar safe sai ta tsamo shanshera, shinkafa mai ƙaiƙayi, da ta jiƙa, ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ta turara, ta baje bisa tabarmi. In ta sha iska a kai inji, a maido mata ta zauna tsince tsakuwa. Tun muna goyo take aikin ga, yau ga shi jikokinmu na aure. Bana tac ce za ta aje aikin, hayaƙi ya cinye mata ido. Ni ko ba ni kwana da alherin mutum ban hwaɗa ba, don shi ma bashi ne.

Matan Ƙaura da na Zurmi shaida ne: in anka ce shinkafar Balaraba ce, ba a regewa, sai tukunya. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mata buhunnan 'yar waje wayam, wai ta ɗura tamu ciki ta yi daraja. Tac ce, "Alhaji, ɗiyar da na raina ba ta zuwa biki da zanen aro."

To, ku ji inda hankalina ya tashi. An ce a rediyo manya sun sa hannu, kasuwar ƙasashe ta zama ɗaya, kaya su ƙetaro ba kuɗin fito. Ni ban yi boko ba, amma na san taki bai sauko ba, shanshera ce ta hwaɗi. Yaranmu sun noma ta da kunne ɗaya ga daji, sun yanke ta cikin tsoro, sunka kai kasuwa sunka iske fara tas cikin leda ta riga su. Wanda ya sa hannun, ya taɓa kwana fadama yana koran tsuntsu? Ba mu ce a rufe ƙofa ruf ba. A dai tare ta har namu ya yi ƙwari.

Autana Abdulhadi, da muke kira Audu, mai mata da ɗiya, ya ce ya gama da noma, ramin zinari za shi. Kun san ramin nan, ba kowa yake maidowa ba. Bai shawarce ni ba ya sauko da buhun irin da uban shi ya bari muna juyawa, ya kai ma Balaraba don ta turara ya sayar ya yi guzuri. Hannatu mai ƙosai na wurin, ita ta ba ni labari. Balaraba ta damƙi shinkafar, ta murza, ta shinshina.

Tac ce, "Audu, wanga zaɓaɓɓen kai ne. Iri ka kawo mani?"

Yac ce, "Inna, iri da ci duk ɗaya ne yanzu. Wa za ni noma ma?"

Tac ce, "Wadda ta shiga duro ba ta tsira har abada. Je ka nemi mai kashe ma gida, ba ni ba."

Ta ja buhun ƙuryar ɗakinta, ta ba shi nata mudun abinci ya kai ma iyali.

Balaraba, ke ce katangar da gwamnati ba ta gina muna ba. Na gode, Allah shi ba idonki lahiya. Ku matan da za ku gaji duron nan, ku gaji hannun da ke gane iri. Ku masu cefane, in kun ga 'yar Hausa ku tsaya ku taya.

Amma ban ɓoye maku, ban samu natsuwa ba. Audu bai tahi ba, bai kuma gyara fadama ba. Jiya hadari ya taso gabas, na gan shi tsaye ƙofar gida yana kallo. Balaraba ta aiko mani cewa buhun na nan, bakin shi ɗaure, kuma ba ta ba kowa sai wanda ya zo da laka ga ƙafa.