Jitar Bahago

Da wuya ka sami mai sauraron rediyo a garin nan da bai san muryar Rasta ba. Kowace Asabar da yamma, da an gama labarai, sai ka ji ya yi gyaran murya ya ce masu hawan jini su matsa nesa da rediyo, ga kiɗan rege nan tafe. Masu shago su ƙara murya, direbobi su ɗan dakata da faɗa da fasinja. Waɗanda ba su taɓa ganinsa ba suna zaton wani ƙato ne mai gashi har gadon baya. Gashin kam ya yi shi a da, amma yanzu sanƙo ya cinye tsakiya, sai 'yan igiyoyi a gefe da yake tusawa cikin hular ulu ko ana zafin da zai dafa ƙwai.

Ɗan mai gyaran rediyo ne. A shagon ubansa ya tashi, cikin warin dalma da tsofaffin batura, kuma a nan ya fara jin wannan kiɗa daga wata rediyo da mai ita ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Uban ya so ya gaje shi. Da ya ga yaro ya daina taje kai, ya yi faɗa har ya gaji, daga ƙarshe ya ce to, in ma waƙar za a yi, a dai riƙa wanka.

Jikin shagonsu akwai shagon tela, telan kuma yana da ɗa bahago, wanda har ya mutu ba a kira shi da wani suna sai Bahago. Shi ne ya samo wata tsohuwar jita ya juya mata wayoyi don ta dace da hannunsa. Rasta na waƙa, Bahago na jita, haka suka taso. Masu ganga da masu babbar jita sun zo sun tafi, wasu aure ya ɗauke su, wasu yunwa ta kore su, amma waɗannan biyun kamar an ɗinke su da zaren telan. Sun yi wasa a otal, sun yi a filin makaranta, sun yi a inda 'yan kallo ba su kai yawan makaɗa ba. Akwai lokacin da riga mai kyau guda ɗaya gare su, wanda zai tsaya a gaba shi ke sawa, Bahago kuwa bai taɓa tsayawa a gaba ba.

Jitar rege ba ta da surutu. Sara ɗaya ce, cak, a tsakanin bugun ganga da bugun ganga, sai a danne wayoyin su yi shiru. In ta zo da wuri ta ɓata waƙa, in ta makara ta ɓata waƙa. Bahago a ƙuruciyarsa ko da agogo ka gwada shi, agogon ne zai ji kunya. Sai dai duk waɗancan shekaru ba a ɗauki ko waƙa ɗaya ba, don ba su da injin ɗauka, iska ce ta kwashe su.

Injin ya zo ne bayan uban Rasta ya rasu ya bar masa shago. Ya mai da ɗakin baya situdiyo, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya sayo wani injin tef na hannu mai layi huɗu. Layi na ɗaya ganga, na biyu babbar jita, na uku jitar Bahago, na huɗu murya. Babu rarar layi. In ba a ji daɗin abin da aka ɗauka ba, sai a sake a kan layin nan, sabon ya goge tsohon har abada. Nan Rasta ya gano ashe a bayan inji ya fi iyawa, mawaƙa suka fara yi masa layi a bakin ƙofa, ya zama furodusa.

Ikon Allah, a daidai lokacin ne hannun Bahago ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba masa a riga, ana dariya ana cewa tsufa ya zo da wuri. Sannan likita ya ce ciwo ne na jijiya, ana rage shi amma ba ya tafiya. Sarar nan da ba ta taɓa kuskure ba ta fara makara, wani lokaci ta zo biyu a maimakon ɗaya.

Ranar da suka ɗauki waƙoƙin kaset ɗinsu na farko, Rasta ya saurara ya san ba za ta fitu haka ba. Ya juyo don ya faɗa, sai ya ga Bahago yana share gumi yana murmushi, yana tambaya ko ya yi. Rasta ya ce ya yi, har ya wuce. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma bakinsa ya yi nauyi. Da Bahago ya rataya jitarsa ya tafi gida, sai Rasta ya kulle ƙofa, ya ɗauko tasa jitar, ya danna jan maɓalli a layi na uku, ya sake sarar daga farko har ƙarshe. Ya san hannun abokinsa kamar yunwar cikinsa, ya kwaikwaye shi tsaf. A bangon kaset aka rubuta Bahago ne mai jita.

Ya ce wa kansa sau ɗaya ne. Sau ɗayan nan ya zama aikin kullum. Bahago ya zo da jitarsa a wanke a goge, ya zauna a kujerarsa ta kusa da katifa, ya yi iya yinsa, Rasta ya ɗaga masa babban yatsa ta gilashi, ya tafi, a goge layinsa. Rasta yana kiran abin rufin asiri, kuma ba duka ne ƙarya ba. Amma in suka haɗu da masu yaba jitar a hanya, Bahago yana godiya, shi sai ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Daga baya gidan rediyo ya ba shi shirin Asabar, nan sunansa ya fita sosai. Abin da ya fi jan mutane shi ne wani wasa da yake kira kowa ya tsaya da ƙafarsa. Yakan zo da injinsa da tef ɗinsa, ana tsakiyar waƙa sai ya ja sauran layuka ƙasa ya bar guda, a ji mai ganga shi kaɗai, ko muryar mawaƙi tsirara, yana tsokanarsu yana cewa yau dai babu bayan wanda za a ɓuya. Layi na uku kaɗai bai taɓa bari shi ɗaya ba. In masu waya suka tambaya, sai ya ce Bahago mutum ne mai kunya.

Bahago ya rasu ya bar mata da 'ya ɗaya, malamar makaranta, wadda tun tana goye take kiran Rasta Baffa. Da shekara ta zagayo, Rasta ya ware shirin ranar don tunawa da shi, aka buɗe layin waya. Can sai ga muryar 'yar.

"Baffa, kullum kana tsayar da kowa da ƙafarsa, ban taɓa jin ka tsayar da Baba ba. Ina so in ji hannunsa shi kaɗai."

Mai rediyo ba abin da yake tsoro irin shiru. Ga jar fitila a kunne, ga gari na saurare. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Asabar mai zuwa, 'yata. Ki zo da mahaifiyarki ku ji da kunnenku."

Magana zarar bunu ce. Satin nan Rasta bai karɓi aikin kowa ba. Ya sauko da tef-tef daga saman kabad, ya kakkaɓe, ya riƙa sawa ɗaya bayan ɗaya yana sauraron layi na uku, yana roƙon Allah ya sa akwai inda ya yi ganganci, ko ƙarshen waƙa da ya manta bai goge ba, ko sara guda. Babu. Shi mutum ne mai tsabtar aiki, da ita yake taƙama, ga shi yau ta ci shi. Duk inda ya taɓa, hannunsa yake ji. Ya yi niyyar zuwa gidan Bahago ya faɗi gaskiya, har ya kai bakin layinsu, ya hango ƙofar, ya juya kamar wanda ya yi mantuwa.

Ranar Asabar suka zo. Aka sa musu kujeru biyu a ɗakin watsa shiri, 'yar ta zauna a gaba-gaba, uwar ta zauna a baya ta ɗora hannuwa a kan jaka. Rasta ya sa waƙar da aka fi sani, ya bari ta yi nisa, sannan ya ja ganga ƙasa, ya ja babbar jita, ya ja muryarsa. Saura sarar nan ita kaɗai, cak, cak, tsaf ba tangarɗa. Ya buɗe makirfo ya ce wa gari wannan shi ne hannun Bahago. Bai taɓa jin ƙyamar muryarsa irin ta ranar ba.

'Yar ta yi kuka har da shessheƙa. Ta ce ashe in Baba ya riƙe jita hannunsa ba ya rawa, ita da ta saba ba shi ruwa a baki. Waya ta yi ta ƙara, mutane suna ta addu'a. Da aka tafi talla, wata ma'aikaciya ta ja 'yar zuwa ɗakin inji don ta tura mata kiɗan a wayarta, Rasta ya rako uwar baranda yana kallon ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Hannunka bai tsufa ba."

Ya ɗago. Ba fushi a fuskarta, kuma hakan ya fi masa ciwo.

"Tun kaset na farko ya sani. Ya sa a gida, ya saurara, ya kashe, ya ce min wannan Rasta ne, amma ya iya kwaikwayo. Na ce to ka daina zuwa mana, ka huta. Ya ce in ya daina za ka gane ya gane, kuma kunya za ta kashe ka."

Ta ce duk ranar ɗauka sai Bahago ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi tun safe, in ya dawo kuma ita ke matsa masa shi don tsami. Ta ce ba don ta tozarta Rasta ta faɗa ba, ta ga yadda yake zufa a kujera ne ta ce gara ya san kayan nan ba shi kaɗai ya ɗauka ba. 'Yar kuwa a bar ta da abin da ta ji.

Rasta ya so ƙasa ta tsage ya shige. Shekara da shekaru yana ɗaga wa mutum yatsa ta gilashi yana ganin shi ke rufa masa asiri, ashe kifi na ganinka mai jar koma. Ya buɗe baki zai nemi gafara, ta riga shi.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Cikin waɗanda ya kaɗa da hannunsa mai rawar nan, ba ka ajiye ko guda ba? Ni shi na so in ji."

Ya girgiza kai. Ta ce ba komai, ta gyara riƙon jakarta. Sai ga 'yar ta fito da murna tana nuna masa waya, wai ta mai da jitar Baba ƙarar kiranta, duk wanda ya kira sai ta ji shi. Aka ƙwanƙwasa gilashi, talla ta ƙare, ya koma ya zauna a gaban makirfo.

Har yau Rasta yana shirinsa, masu hawan jini suna matsawa nesa da rediyo. Amma tun daga ranar bai sake tsayar da kowa da ƙafarsa ba. In masu waya suka tambaya, sai ya ce injin ne ya lalace, su kuma su yi ta tsokanarsa, wai ɗan mai gyara guda ya kasa gyara inji.