Prosesa biyu a shagon Alhaji

A shekarar da damina ta yi mana rowa karo na biyu a jere, ni abin da ya dame ni daban ne. Ina gyaran waya a wata rumfa a Zango, ina kuma harhaɗa ordinatar, wato kwamfuta, da hannuna don wasan ƙwallo da na tseren mota, samarin unguwa su riƙa zuwa suna bugawa. Wata bakwai ina tsintar kayan ɗaya bayan ɗaya, duk kwance. Saura prosesa, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin.

Wani Alhaji mai sayar da tsofaffin kayan lantarki a bakin kasuwa yana da guda biyu da suka dace da nawa. Ya shimfiɗa su a kan hankici.

"Wannan doki ne," in ji shi, "amma yana zafi, ga cin kuran, wutar lantarki ke nan. A wannan ranar ta Damagaram sai ka sa masa fanka biyu. Wannan kuwa jaki ne. Zai kai ka, sai dai ba yau ba."

Dokin nake so, kuɗina bai kai ba. Na fara ciniki, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka wahalar da bakinka, samari. Dawo ran Alhamis, zai sauko da kansa."

Na dawo, ya sauko. Alhamis ta gaba ya ƙara saukowa. Kullum sai na tarar shagon ya ƙara cushewa: rediyo, telabijin, keken ɗinki, har da firijin da ba a cire hoton yaran masu shi ba. Na tambaye shi ko mota ce ta zo daga Kano.

"Ba mota. Masu su ne ke kawowa da ƙafarsu. Malaman lakwal masu koyar da yara, ma'aikatan biro na gwamnati. Kowa yana da bakin da yake ciyarwa a ƙauye." Ya kalli hanya. "Ni ma na daina saye."

Na ji maganar, amma abin da ya zauna mini a kai shi ne farashin.

Ranar da kuɗina ya kai, ina shirin rufe rumfa sai ga kawuna daga Damagaram Takaya, ƙanen mahaifiyata. Da ƙyar na gane shi, rigar ta yi masa yawa. Na ba shi ruwa, ya sha rabi, ya riƙe sauran a hannu. Ya ce sun shuka sau biyu, rana ta ƙone. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, shi ake ci.

"Ba wani abu ya kawo ni ba, ɗana. Na ce in gan ku."

Bai roƙe ni komai ba. Ya raka ni shagon, ya tsaya a ƙofa. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya buɗe hankicin. Na daɗe a tsaye. Daga ƙarshe na nuna jakin. Da abin da ya rage na auna wa kawu gero tiya shida. Da na bar duka biyun, da buhu guda zai koma da shi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

A tasha ya ce in nuna masa abin da na saya. Na kwance takardar da aka naɗe shi a ciki. Ya juya shi a tafin hannunsa.

"Wannan ne?"

"Shi ne, kawu."

"To, Allah ya sa albarka."

Injin ya tashi. Ƴan wasan da ke kan allon suna gudu suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa, samari suka yi ta dariya, suka kuma ci gaba da zuwa, kullum suna raguwa. Kafin wata biyu wani mai kabu-kabu ɗan garinsu ya faɗa wa mahaifiyata cewa gidan kawu a rufe yake, an jingina ƙaya a ƙofa. Wasu sun ce kudu suka yi. Ta aike ni in duba. Na je, na tarar da gidaje huɗu a layin haka, babu ko kaza.